Fataucin Mutane Ta Tashoshin Mota: Aikin Da Ke Gaban Matashin Fasinja

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke karatu a Maiduguri matafiyi ne, ko ya so ko ya ƙi. Da zarar an ba da hutu, wani zai nufi tashar Borno Express ko Tashar Kano, wani Tashar Bama, wani Tashar Baga, wani kuma Garejin Muna inda ake lodin Mafa da Dikwa da Gamboru-Ngala. A cikin gari kuwa, tun da aka hana acaɓa a shekarar 2011, Keke Napep ce ta zama ƙafar kowa. To, waɗannan motoci da kekuna da muke shiga, su ne dai masu fataucin mutane suke shiga tare da waɗanda suka yaudara, domin ba su da wata hanya tasu ta daban.

Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da sauran matasa abin da ake nufi da fataucin mutane, da dalilin da ya sa garinmu ya dace da wannan mugunyar sana'a, da kuma abin da matashin da ke zaune a kujerar mota zai iya yi. Ra'ayina shi ne, tsakanin gidan da aka ɗauko mutum da gidan da za a kulle shi, tasha da mota ne kaɗai wurin da dole a fito da shi gaban jama'a. Idan aka rasa shi a nan, da wuya a sake ganinsa.

Ma'anar Fataucin Mutane

A Hausa, fatauci shi ne sayen kaya a wani gari a kai wani gari a sayar don neman riba, kamar yadda fatake suka riƙa yi da goro da kanwa da gishiri. Idan aka ce fataucin mutane ko safarar mutane, ana nufin an mayar da ɗan Adam haja ke nan.

Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a shekarar 2000, wadda aka fi sani da yarjejeniyar Palermo, ta nuna cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa su zama wannan laifi. Na farko shi ne aiki, wato nemo mutum, ko ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, ko ajiye shi, ko karɓarsa daga hannun wani. Na biyu shi ne dabara, wato tilasci ko barazana ko yaudara, ko amfani da halin ƙunci da mutum yake ciki, ko ba wanda yake da iko da shi kuɗi. Na uku shi ne manufa, wato ci da guminsa ta hanyar aikin tilas, ko karuwanci, ko bauta, ko cire masa wani sashe na jiki. Idan kuwa yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a neman abu na biyu. Ko da yaron ya ce da son ransa ya biyo, ko iyayensa sun yarda, laifin yana nan daram.

Akwai kuskure biyu da ya kamata mu kawar. Wasu na zaton sai an tsallaka iyakar ƙasa ake kiran abu fataucin mutane, alhali yarinyar da aka ɗauko daga Monguno aka kai ta Abuja tana bauta ba albashi ba fita, an yi fataucinta. Wasu kuma suna haɗa shi da fasa-ƙwaurin baƙin haure, inda mutum yake biyan kuɗi da kansa a tsallakar da shi, in an kai kowa ya kama gabansa. Sai dai sau da yawa tafiyar da aka fara a matsayin fasa-ƙwauri takan ƙare a fatauci, idan guzuri ya ƙare a hanya, mai mota ya sayar da bashin fasinja ga wani.

A Nijeriya, an kafa Hukumar Yaƙi da Fataucin Mutane, wato NAPTIP, a watan Yulin 2003, kuma tana da ofishin shiyya a nan Maiduguri. An sake fasalin dokarta a 2015, inda aka sa mafi ƙarancin hukunci ya zama ɗaurin shekara 2 da tarar Naira 250,000. Idan yaro aka jefa cikin lalata, mafi ƙaranci shi ne shekara 7 da tarar Naira miliyan 1. Dokar ta kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. A Jihar Borno, Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan dokar kare yara a watan Janairun 2022. Game da girman matsalar a duniya, ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 28 ne ke cikin aikin tilas, kuma a 2024 ta kiyasta cewa ƙazamar ribar da ake samu daga guminsu ta kai Dala biliyan 236 a shekara.

Kalmomin Da Ake Fakewa Da Su

A matsayinmu na masu nazarin harshe, ya kamata mu lura cewa babu mai shiga gida ya ce ya zo sayen yarinya. Kyawawan kalmominmu ake ara a lulluɓe mugun nufi da su.

Akwai riƙo, tsohuwar al'ada mai ƙarfafa zumunci, inda gwaggo ko kawu ke ɗaukar ɗa su tarbiyyantar da shi kamar nasu. Yau dillaliya kan zo da sunan riƙo, ta tara 'yan mata daga ƙauyuka, ta rarraba su gidaje a birni, ita ke karɓar albashinsu duk wata, iyaye kuwa sai ɗan abin da ta ga dama. Akwai aikatau da ci-rani, waɗanda neman halal ne, amma akan kai samari gonaki ko ramukan haƙar ma'adinai a ce sai sun biya kuɗin motar da aka kawo su da na abincin da suka ci, bashin da kullum ƙaruwa yake yi. Akwai almajiranci, wanda neman ilimi ne, amma wani wanda ko izu ɗaya ba ya karantarwa kan tara yara don kuɗin baran da za su kawo masa. Akwai kuma Umara da aiki a ƙasashen Larabawa, inda akan yi wa mace fasfo da biza a matsayin taimako, in ta sauka a karɓe fasfon, ta koma hannun kafili, ba ta da ikon barin gidan ko da ana cutar da ita. A watan Janairun 2019, NAPTIP ta bayyana cewa akwai 'yan matan Nijeriya kimanin 20,000 da suka maƙale a ƙasar Mali, da yawansu an yi musu alkawarin aiki ne a Malesiya.

Ba ina cewa duk mai riƙo ko malamin allo ko mai kai mutane aiki azzalumi ba ne. Abin dubawa shi ne, wa ke cin amfanin wahalar mutumin nan, kuma in ya ce ya gaji, zai iya komawa gida?

Me Ya Sa Maiduguri?

Borno ce kaɗai jihar da ta yi iyaka da ƙasashe uku a Nijeriya, wato Nijar da Chadi da Kamaru. Daga Gamboru-Ngala gada kawai za a haye a shiga Fotokol ta Kamaru, a miƙe zuwa Kusiri da Njamena. Wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazai masu tafiya Makka ta Sudan. Daga Damasak ana tsallaka kogin Yobe a shiga yankin Diffa. Ta yamma kuwa hanyar Damaturu da Potiskum ta kai mutum Kano, inda ake kama hanyar Damagaram da Agadas zuwa Libiya.

Hanyar hamada ba sabuwa ba ce ga mutanen Borno. Lokacin da Turawan Birtaniya, Denham da Clapperton da Oudney, suka ratso ta daga Murzuk ta Bilma suka iso Kukawa a 1823, zamanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, sun ba da labarin ƙasusuwan bayi da suka gani zube a bakin rijiyoyi. Motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Sabha a wannan zamani suna bi ta Dirku ne, kusa da Bilma, su hau wannan tsohuwar hanya. A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton da aka ɗauka a Libiya ana gwanjon baƙin haure a kan Dala 400. Raƙumi ne kawai ya koma mota.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a Arewa maso Gabas, ya bar ɗimbin marayu da zawarawa. A watan Oktoban 2016, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanonin gudun hijira guda 7 a Maiduguri, wasu da alkawarin aure ko abinci. Tsakanin 2021 da 2022 gwamnati ta rufe sansanoni irin su Bakassi da Dalori, wasu mutanen suka koma garuruwansu, wasu suka raɓe a gefen gari. Ga kuma ambaliyar ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye gidaje da jarin mutane. Uwar da ke da bakuna shida ba ta da na cefane, in aka ce mata a kawo ɗaya a kai ta birni ta yi aiki, ba lallai ne ta tsaya dogon bincike ba.

Tasha Da Mota

Misalai biyu sun isa su nuna muhimmancin abin da ke faruwa a kan hanya. A watan Oktoban 2019, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da ceto yara 9 da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar a Onitsha ta Jihar Anambra. An canja musu sunaye, wasunsu sun yi shekaru a can. A 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa jagoran masu laifin ɗaurin shekara 104. Mai karatu ya auna nisan Kano da Onitsha, ya tambayi kansa idanu nawa ne ƙaramin yaro zai gifta a irin wannan tafiya.

Na biyu ya faru a Jamhuriyar Nijar a watan Oktoban 2013, inda aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga ciki 52 yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na Damagaram. Mota cike da ƙananan yara ta ratsa garuruwa kafin ta kai inda ba kowa.

Saboda haka ne nake cewa hanya ce raunin mai fatauci. A gidan da ya ɗauko yarinya, ya riga ya saye zuciyar iyaye da daɗin baki. A gidan da zai kai ta, akwai katanga da ƙofa. A tasha kuwa dole ya tsaya ya biya kuɗi, ya jira mota ta cika, ya rubuta suna da lambar waya a takardar fasinjoji. Daga Maiduguri zuwa Damaturu kaɗai zai bi ta Njimtilo da Auno da Jakana da Mainok da Benisheik, hanyar da ba ta rabuwa da shingayen jami'an tsaro. Shi ya sa wasunsu suke guje wa tasha su tare mota a bakin hanya, inda ba rubuta suna ba tambaya. Jami'in da ke shinge leƙawa kawai yake yi ya ɗaga hannu, amma fasinjan da ke kusa da yarinyar awa takwas ko tara zai yi tare da ita kafin a kai Kano.

Alamomin Da Za A Lura Da Su

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga wasu alamomi da masu wannan aiki suka saba ambata:

1. Babba ɗaya tare da yara ko 'yan mata da yawa masu kusan shekaru ɗaya, waɗanda ba su san sunayen juna ba.

2. Fasinjan da bai san garin da za shi ba, ko sunan wanda zai sauka a wurinsa, ko irin aikin da zai yi.

3. Duk tambayar da aka yi wa yaro ko budurwa, wani ne ke amsawa, ko kuma amsar ta fito kamar hadda.

4. Waya da katin shaida da kuɗin mutum baligi suna hannun wanda ya rako shi.

5. Yaro da wadda ta ce ita ce uwarsa ba sa jin harshen juna, ko yaron yana ta barcin da ya wuce kima, ko yana kuka yana kiran wata uwar.

6. Ana miƙa mutum daga hannu zuwa hannu a tasha, ana ta waya ana cewa an taso ko an kusa, ana kuma hana shi sauka shi kaɗai ko da wurin salla ko cin abinci.

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Sau da yawa a motocin kudancin Borno nakan ga kaka da jikoki biyar za su biki, ko malami da almajiransa za su gida hutun salla, kuma ba abin da ke ciki sai alheri. Idan alamomi uku ko huɗu suka taru a wuri ɗaya, a nan ne ya kamata hankali ya tashi.

Abin Yi Da Abin Bari

Abu na farko shi ne gaisuwa. Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, na san yadda baki ke yin nauyi a cikin mutanen da ba ka iya harshensu sosai ba. Yarinyar da ta taso a ƙauyen Kanuri ko na Larabawan Shuwa ko Marghi ko Gamargu, wataƙila Hausarta ba ta wuce ta sayen gishiri ba, balle ta yi bayanin abin da ke damunta. Mai fatauci ya san haka, yana kuma amfana da shi. Mu ɗaliban nan da wuya a sami wanda ba ya jin harshe biyu ko uku. Kalmar "wushe" kaɗai kan sa yarinya Bakanura ta ɗago kai. Daga nan sai hira ta yau da kullum: 'yar wane gari ce, ina za ta, wa zai tare ta. Ya fi dacewa mace ta yi wa mace magana, musamman a wurin alwala ko bayan gida inda mai rakiya namiji ba ya binta.

Abu na biyu shi ne riƙe bayani, wato lambar mota, sunan tasha, lokacin tashi, kamannin mutanen, da inda suka sauka. Na uku shi ne sanar da wanda ya dace cikin sirri. In mota ba ta tashi ba, a sami shugaban tasha ko wani jami'in ƙungiyar direbobi ta NURTW. In ana kan hanya, a raɗa wa direba, ko a yi wa jami'an tsaro magana a shinge na gaba. In an riga an rabu, a kai bayanin ofishin NAPTIP, ko na 'yan sanda, ko na jami'an shige da fice.

Abin bari kuwa shi ne tunkarar wanda ake zargi, ko yi masa ihu, ko ɗaukar hoton yara a watsa a Facebook da WhatsApp. Wannan na iya sa ya gudu da su, ko ya jefa rayuwarka cikin haɗari, ko ya jawo a hallaka marar laifi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, gungun mutane sun kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Mu da muka ji zafin wannan, bai kamata mu yi wa wani irinsa ba. Namu kai rahoto ne, bincike na hukuma ne, hukunci na kotu.

Mu Ma Ana Farautarmu

Kada ɗalibi ya ɗauka ilimi ya fitar da shi daga sahu. Mai digiri da ba shi da aiki shi ne wanda ya fi saurin amsa tallar aiki a Dubai ko Ghana ko Turai da ya gani a waya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce zai biya maka kuɗin mota da fasfo da biza ka biya daga baya, ya kuma ce kada ka gaya wa kowa don gudun baki, to ka tsaya ka yi tunani. Ka nemi sunan kamfanin da adireshinsa da takardar yarjejeniya a rubuce, ka je ofishin NAPTIP ko na Ma'aikatar Ƙwadago ka tambaya ko an san da shi. In tafiyar ta kama, ka shiga mota a tasha, ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wani naka a takardar fasinjoji, ka tura wa gida lambar motar, ka haddace lambar waya aƙalla biyu, kada kuma ka ba kowa ajiyar fasfonka.

Yadda Za A Isar Da Saƙon

Mutanen da suka fi kowa sanin sirrin tasha matasa ne irinmu: 'yan kamasho, yaran mota, masu tura baro, masu sayar da ruwa da katin waya, da direbobin Keke Napep. Ɗan kamasho ya san matar da ke zuwa duk wata da sababbin 'yan mata ta koma ita kaɗai. Mai keke ya san gidan da ake yawan kai baƙin yara. Abin da ya rage shi ne a gaya musu cewa abin da suke gani laifi ne mai suna a doka, a nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. A Amurka an kafa wata ƙungiya a 2009 wadda aikinta shi ne horar da direbobin manyan motoci su gane irin waɗannan alamomi, daga baya aka haɗa da direbobin bas.

Mu kuwa kayan aikinmu harshe ne. Mun sha yin nazarin rubuce-rubucen hikima da ake yi a jikin motoci da kekuna. Za mu iya tsara gajerun saƙonni da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, da boko da ajami, a liƙa a bayan kujerar keke inda fasinja ke kallo. Za mu iya shirya ɗan wasan kwaikwayo na minti goma mu nemi izinin shugabannin tasha mu yi shi lokacin da ake jiran lodi, ko mu kai shi gidajen rediyo irin su BRTV da Peace FM da Kanem FM. Ranar 30 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2013 don yaƙi da fataucin mutane, lokaci ne da ya dace da irin wannan fita.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin bayyana ma'anar fataucin mutane, da kalmomin da ake fakewa da su, da dalilan da suka sa Maiduguri ta zama mahaɗarsa, da kuma abin da fasinja zai yi da wanda zai bari. Talauci da rashin tsaro su ne tushen matsalar, kuma maganinsu ya fi ƙarfin ɗalibi. Amma sauke waya na ɗan lokaci a dubi wanda ke zaune a gefe, a gaishe shi da harshen da yake ji, wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Hutu mai zuwa, idan muka shiga mota, mu shiga da idonmu a buɗe. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da iyayensu, amin.